Ku San Inda Yaronku Yake Karaya

'Ya'yana iyayen yara, da ku malamai da aka danƙa wa amanarsu, kukan da na fi ji daga bakinku shi ne yaran yanzu ba su da naci. An sa yaro hadda, ya yi wata biyu ya watsar. An kai shi koyon ɗinki, ya ce ƙafarsa na ciwo. An ba shi lissafi, ya duba sau ɗaya ya ture littafin ya ce shi ba ya ganewa. Kukan nan yana da tushe, ban musa ba. Amma in na tambayi uba, "A daidai ina yake watsarwa?" sai ya ce, "Ai Baba, lalaci ne kawai." To, a nan nake so mu ɗan zauna. Yara ba a wuri ɗaya suke karaya ba. Wani wahala ce ke karya shi, wani dariyar 'yan'uwansa, wani tsawon zama, wani kuwa tilas. Duk wanda ya gano inda ɗansa yake karaya, ya je ya tsaya masa a wurin, ya ɗauke babban kaso na aikin.

Kowace uwa da ta goya biyu ko uku ta san wannan tun kafin a faɗa mata. Wani jaririn a sha a ƙoshi a yi barci, kowa ya miƙo hannu ya tafi. Wani kuwa ko sabon zane aka goya shi da shi sai an ji kansa. Wani ba ya kuka, amma sai ya daɗe yana kallon baƙo kafin ya yarda da shi. Wasu likitoci biyu a birnin New York na Amurka, Alexander Thomas da matarsa Stella Chess, sun fara bin rayuwar yara fiye da 130 a shekarar 1956, tun suna jarirai har suka girma. Sun sami kusan 40 cikin 100 masu sauƙin hali, kusan 10 masu zafi da wuyar rarrashi, kusan 15 masu ɗari-ɗari da sabon abu sai a hankali su sake jiki, sauran kuma sun ɗebo nan sun ɗebo can. Abin da ya fi amfani a bincikensu shi ne wannan: halin da aka haifi yaro da shi ba shi kaɗai ke yanke yadda zai zama ba, abin da ke tasiri shi ne ko riƙon da ake yi masa ya dace da halin nasa. Yaro mai zafi a hannun mai haƙuri yakan tashi lafiya lau. Yaro mai sanyi a hannun mai garaje yakan ƙara shigewa cikin kansa.

Kada ku ɗauka ina cewa a bar kowane yaro ya yi abin da ya ga dama. Akwai abu guda da ba ya canzawa ga kowa, shi ne komawa yau kan abin da aka taɓa jiya. Kakanninmu sun gina makarantar allo kacokan a kan haka. Ku tuna yadda take. Da sassafe yaro ya durƙusa gaban malam da allonsa, malam ya biya masa, yana bin baƙi da yatsa, yaro yana maimaitawa. Ya koma gefe ya ɗora allo a cinya, yana kaɗa jiki yana ɗaga murya. In ya dawo harshensa yana sarƙewa, malam ya ce, "Koma." Gobe ma haka. Ranar da karatun ya zauna, malam ya ce, "Je ka wanke." Ya wanke, ya jingine allon a rana ya bushe, a rubuta masa ƙari. Na kusa da shi yana iya wankewa sau uku shi bai wanke sau ɗaya ba, kuma babu wanda ya ce ya faɗi. Shi ya sa Bahaushe ya ce kowa ya iya allonsa ya wanke. Daga babbaƙu zuwa farfaru, daga nan har sauka, kowa da takunsa, amma kowa sai ya zo kullum daga Asabar zuwa Laraba.

Ku duba lissafin abin. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla sumuni 480. Yaron da yake riƙe sumuni biyu kacal a mako, ba fashi, zai kai ƙarshe a makonni 240, wato ƙasa da shekara 5. Wanda ya kwashi sumuni goma a makon farko don a yaba masa, sannan ya ɓace wata uku, shekara goma ma ba za ta kai shi ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma Bukhari da Muslim duk sun fitar da shi. Wannan ma'auni ɗaya ne ga allo da boko da sana'a. Abin da ya bambanta shi ne hanyar da za a bi da kowane yaro har ya saba da komawar.

Bari in fara da wanda kuka fi sakin jiki da shi, wato mai kaifin ƙwaƙwalwa. Shi ne ake biya wa sau ɗaya ya ɗauke, shi ne na ɗaya a aji, shi ake kira ya yi wa baƙi karatu. Ni shi na fi jin wa tsoro. Ya saba komai yana zuwar masa a sauƙaƙe, bai taɓa ɗanɗana zama da abin da ya ƙi shiga ba. Ranar da ya haɗu da shi, kuma lalle zai haɗu da shi, ko a ayoyi masu kama da juna ko a lissafin sakandare, sai ya ɗauka baiwar tasa ce ta ƙare, ya fara zillewa don kada a gane. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck na Jami'ar Columbia sun gwada wannan da 'yan firamare. Bayan yaran sun warware wasu tambayoyi, wasu aka yabe su da cewa suna da basira, wasu aka yabe su da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, waɗanda aka yaba wa basira suka fi saurin sarewa, suka fi son a koma musu kan masu sauƙi, har wasunsu suka ƙara wa kansu maki da aka tambaye su sakamakonsu. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari suka fi jurewa. Saboda haka ku rage "ai wannan ƙwaro ne" a gabansa. Ku ce, "Na ga yadda ka koma wa ayar nan har ta zauna, Allah ya yi albarka." Ku riƙa ba shi abin da ya ɗan fi ƙarfinsa tun yana ƙarami, ya saba da tuntuɓe a gida, inda akwai mai ɗaga shi. Kuma ku tsare masa bita, domin abin da ya shiga da sauri yakan fita da sauri. In kana da kyau ka ƙara da wanka.

Na biyu shi ne mai nauyin fahimta, wanda sai an biya masa sau goma. Wannan sau da yawa yana da naci a jininsa. Mu ne muke kashe masa shi da bakinmu. "Dubi ƙaninka ya wuce ka." "Kai dai kanka kamar dutse." Maganar da uba ya faɗa a cikin fushi ya manta kafin la'asar, yaro yana iya riƙe ta har ya yi furfura. Manomi yana shuka gero da dawa a gona ɗaya. Gero ya fitar da kai a girbe shi ruwa bai ɗauke ba, dawa kuwa sai an shiga sanyi. Ban taɓa ganin wanda ya tuge dawarsa don gero ya riga ta nuna ba. A cikin sahabbai, Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa da umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin kusan rabin wata. Abdullahi ɗan Umar kuwa, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, shekara 8 ya yi a kan Suratul Baƙara yana koyonta da abin da ta ƙunsa. Dukansu biyu al'umma ta sha daga iliminsu. Ku gaya wa yaronku mai nauyin harshe cewa ya tabbata a hadisi, mai karanta Alƙur'ani yana sarƙewa yana shan wahala lada biyu gare shi. Ku yanka masa karatun ƙanana: layi biyu maimakon biyar, lissafi uku maimakon goma, don ya riƙa jin daɗin gamawa kullum. In za ku gwada shi da wani, ku gwada shi da kansa na watan jiya. Ku ajiye tsohon littafin rubutunsa, ranar da ya ce ba ya iyawa ku buɗe masa shi kusa da na yau, ya gani da idonsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku mai kunya. Ya san amsa, tana bakinsa, amma idon mutane ya ɗaure masa harshe. In ya kuskure sau ɗaya aka yi dariya, an rufe ƙofar ke nan har wani lokaci mai tsawo. Wannan ya fi yawa a 'ya'yanmu mata, domin mun koya musu kawaici, wanda abu ne mai kyau, amma wani lokaci mukan bari ya haɗiye har tambayar da ya kamata su yi. Abdullahi ɗan Umar ɗin nan, yana yaro, yana zaune a majalisin da Annabi ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ta yi kama da Musulmi. Ya gane dabino ce, amma ya ga shi ne ƙarami a wurin, ga manya sun yi shiru, sai ya kame bakinsa. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar bai yi masa faɗa ba. Ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi fiye da dukiya mai yawa. Ku lura da hikimar uban nan: ya sanar da yaron cewa maganarsa tana da daraja a wurinsa. Haka za ku yi. 'Yata, in kina tsince shinkafa a tsakar gida, kira yarinyar ta zauna kusa da ke, ki ce, "Uwata, biya mini na jiya in ji." Kada ki zuba mata ido, ki ci gaba da aikinki kina sauraro. In ta kuskure, ki faɗi daidai ɗin a hankali ki wuce, ba tare da tsayar da ita ba. Bayan kwanaki ki kira ƙanwarta su zama biyu, sannan babansu, sannan kaka. Wadda ta saba ɗaga murya a gaban mutum huɗu na gida za ta iya a gaban aji. Kuma ku kafa doka a gida: ba a yi wa mai karatu dariya, ko babba ko yaro.

Na huɗu shi ne mai ƙiriniya, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Shi ya fi kowa shan bulala, kuma shi bulala ta fi kasa gyarawa. Jikinsa ne ke neman motsi, kamar yadda cikin wani ke neman abinci. In kun ce sai ya yi awa biyu a kan tabarma, za ku sami minti goma na karatu da sauran lokacin na rigima. To, ku karɓi minti goman nan da hannu biyu. Ya yi su da kyau, ya tashi ya ɗebo ruwa ko ya ba akuya dusa, ya dawo ya ƙara goma. Ku bar shi ya yi tilawa yana kai da komowa a zaure. Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum ya ƙi, ya ce yana gudun ya gundure su, kuma haka Annabi yake zaɓar musu lokaci don gudun ƙosawa. In an yi wa manya wannan rangwame, ina ga ɗan shekara bakwai? Irin wannan yaro sau da yawa hannunsa ne ƙofarsa. Ku leƙa shagon tela ku ga yadda ake fara koya wa yaro: a zare zare daga keke, a ba shi takarda mai layi, ya taka yana bin layin da allura. Farko huda tana tafiya a karkace, ya sake, ya sake, har ta miƙe. Yaron da aka ce ba ya iya zama, sai ga shi ya duƙufa har an kira azahar bai sani ba, domin yana ganin sakamakon kowane taku nan take. Nacin da ya koya a kan keken nan zai bi shi har cikin littafi, in kun nuna masa cewa abu ɗaya ne.

Na biyar mai zuciya, wanda in an ce masa gabas sai ya yi yamma. Da shi ba a ja-in-ja, domin in kun ci nasara kun karya shi, in ya ci kun rasa shi. Ku tsayar da abin da ba makawa, ku bar masa zaɓi a cikin sauran: "Karatu dai za a yi. Kafin magariba kake so ko bayan isha'i? Da sabo za ka fara ko da bita?" In ya zaɓa da bakinsa, zuciyar nan da kuke kuka da ita ita ce za ta hana shi saɓawa. Kuma kada ku gyara masa kuskure a gaban ƙannensa. Ku ja shi gefe. Malaman tarihi sun kawo cewa Sibawaihi yana ɗalibin hadisi a Basra ya yi kuskuren nahawu a gaban malaminsa Hammadu ɗan Salama, aka gyara masa, abin ya yi masa zafi, ya ƙudura sai ya nemi ilimin da ba wanda zai sake kama shi da kuskure a cikinsa. Ya lizimci Halilu ɗan Ahmad, daga ƙarshe ya rubuta littafin da har yau shi ne uban littattafan nahawun Larabci, alhali shi asalinsa Bafarise ne. Zuciya in ta sami inda za ta zuba ƙarfinta, babu abin da ya kai ta naci.

Kada ku mai da waɗannan rabe-rabe tambari a goshin yaro. Ɗa guda yana iya zama mai kaifi a hadda, mai nauyi a lissafi, mai kunya a makaranta, mai zuciya a gida. Kuma yana canzawa da shekaru. Abin da nake roƙo shi ne lura. Ku zauna kusa da shi yana aiki, ku yi shiru, ku ga daidai lokacin da fuskarsa ta canza ya ajiye alƙalami. Me ya faru kafin nan? Abu ya yi wuya ne, ko wani ya shigo, ko zama ya yi tsawo, ko an daka masa tsawa? Amsar tana nan. In kuma kun yi duk abin da za ku yi yaro yana nan inda yake, ku kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa, ku tabbata ba da yunwa yake zuwa makaranta ba. Yara da yawa an kira su daƙiƙai alhali allon aji ne ba sa hangowa, ko muryar malam ba ta isa kunnensu.

Game da duka, na san da yawanmu da shi aka rene mu, kuma mukan ce ga shi mun zama mutane. Amma ku ji abin da Ibn Khaldun ya rubuta a Muƙaddimarsa tun a 1377: tsanantawa ga ɗalibi, musamman ƙarami, tana cutar da shi, tana kashe masa kuzari, ta jawo masa kasala, ta koya masa ƙarya da ɓoye abin da ke ransa don tsoron hannun da ke kansa. Wanda yake karatu don tsoron dorina, ranar da dorina ta kau karatu ya kau. Mu kuwa abin da muke nema shi ne yaron da zai buɗe littafi a ɗakin da babu kowa. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10 yana yaro, ya ce Annabi bai taɓa yi masa ko tsaki ba, kuma Anas ya zama cikin sahabban da suka fi kowa ruwaito hadisi. Tsare doka daban, tsanani daban. Ku tsare lokacin karatu kamar yadda kuke tsare lokacin abinci, fuska a sake, murya a ƙasa, amma ba ɗagawa.

Abu na ƙarshe, yaro da ido yake koyo fiye da kunne. Uban da yake cewa "je ka yi karatu" shi kuma yana kishingiɗe da waya a hannu har dare, ya riga ya ba da darasin da zai fi zama. Ku sa wa gidanku lokaci guda, ko rabin awa ne tsakanin magariba da isha'i, a ajiye waya, a kashe talabijin, kowa ya ɗauki nasa: uba da Alƙur'aninsa, uwa da nata karatun, yara da allunansu da littattafansu. In akwai abin da kai ma yake ba ka wuya, bari su ga kana maimaita shi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta tashi a gidan da uba da iyaye mata da 'yan'uwa duk masu karatu ne, ta zama mai rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru da ya kai ilimi ga matan ƙauyuka. Irin wannan ba a rana ɗaya ake samunsa ba, kuma ba da tsawa ake samunsa ba. Gida ne ke zama makaranta kullum.

Ku fara yau da yaro guda, wanda ya fi ba ku wahala. Ku gano inda yake karaya, ku rage masa nauyin daidai abin da zai iya ɗauka, ku sa masa lokaci, ku tsaya kusa da shi har komawar ta zame masa jiki. Za a yi ranakun da zai koma baya, kada ku ɗauke su a matsayin ƙarshen magana. Ku ma nacin ake nema daga gare ku. Ku yawaita sa musu albarka da sunayensu, su ji da kunnensu, domin addu'ar iyaye ba ta faɗuwa ƙasa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani da sana'a mai albarka, ya ba ku haƙurin renonsu da ladansa. Amin.